Yadda ake tsara tashar kiɗan rok na dauri a ƙaramin gari: tambayoyi da amsoshi

Matasa masu koyon aikin rediyo sukan tambaye ni yadda tasha za ta riƙe nau'in kiɗa guda ɗaya dare da rana, shekara da shekaru, jama'a kuma ba su ƙosa ba. A wajenmu abin baƙo ne, domin tashoshinmu komai a kwano ɗaya suke zubawa: labarai, siyasa, wa'azi, gaishe-gaishe, wasanni da waƙa. A Amurka kowace tasha tana da layinta, kuma layin da ya fi nuna gwanintar tsari shi ne wanda suke kira classic rock, mu ce rok na dauri. Ga tambayoyin da suka fi yawan zuwa.

Mene ne rok na dauri, kuma ina bambancinsa da sauran tsoffin waƙoƙi?

Kiɗa ne na jita mai amfani da lantarki da ganguna, wanda ƙungiyoyin Amurka da Ingila suka yi tashe da shi daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa na 1980. Irin su Led Zeppelin, Pink Floyd, Rolling Stones, Eagles da Queen su ne ginshiƙan ɗakin, sai AC/DC daga Ostireliya. Amma a gane cewa sunan ba mawaƙa ne suka raɗa shi ba, 'yan rediyo ne. Layi ne na tasha kafin ya zama sunan kiɗa. Akwai wani layin maƙwabcinsa, classic hits, mai saka duk waƙar da ta taɓa yin kasuwa ko ta rawa ce ko ta soyayya, mai kuma jan mata da maza kusan daidai. Na rok ya fi karkata ga maza, kuma jita ce ke jan ragamarsa.

Yaushe aka fara shi?

A farkon shekarun 1980. Kafin nan akwai tashoshin FM masu saka waƙoƙin da ke cikin faifai sukutum, ba lallai wadda aka fitar don kasuwa ba. Da sabbin salo suka shigo, sai waɗannan tashoshi suka rasa yadda za su haɗa yaro ɗan shekara 18 da magidanci ɗan shekara 35 a tabarma ɗaya. Wata tashar AM mai suna KRBE a Houston ta jihar Teksas ta gwada saka tsoffin kawai a 1983. A 1985 wani mai ba tashoshi shawara, Fred Jacobs, ya ɗora tsarin a tashar WMMQ da ke yankin Lansing a jihar Mishigan, daga nan abin ya bazu. Abin lura shi ne ba a Niyok ko Los Anjalas ya yi saiwa ba, a ƙaramar kasuwa ce.

Waƙoƙi nawa ya kamata tasha ta tanada? Ba gara a zuba dubbai ba?

Nan ne sabon ma'aikaci yakan fara tuntuɓe. Zai ce tunda akwai waƙoƙi na shekara talatin, bari a loda dubu biyar a kwamfuta don kada a riƙa maimaici. Niyyar mai kyau ce, sakamakon ne ba kyau. Manyan tashoshi da 'yan ɗaruruwa suke juyawa. A 2014 shafin intanet na nazarin alƙaluma mai suna FiveThirtyEight ya bi diddigin tashoshi 25 na wannan layi tsawon mako guda, ya tarar cewa dukansu a haɗe waƙoƙi 2,230 suka saka, kuma fiye da rabin abin da aka ji ya fito ne daga shekaru goma kacal, 1973 zuwa 1982.

Dalilin yana wajen mai sauraro. Kai ma'aikaci kana cikin situdiyo awa shida ko takwas, shi ya sa kake jin maimaici. Shi kuwa makanike ko direban babbar mota minti ashirin ya ba ka a hanyar zuwa aiki, wataƙila wasu ashirin da yamma. A cikin mintocin nan waƙa huɗu ko biyar zai ji. In uku daga ciki bai san su ba, hannunsa zai kai kan maɓalli, kuma ba lallai ya dawo ba. Mutum ba ya zuwa tashar tsoffin waƙoƙi don a koya masa sabon abu. Yana zuwa ne don ya tarar da abin da ya bari.

Duk da haka ƙaramar tasha tana da sarari fiye da babba. A ƙaramin gari tashoshi kaɗan ne, mutane sukan bar rediyo a kunne a shago ko gareji tun safe har la'asar, saboda haka kunkuntar jeri yakan gundure su da wuri. Ni a ganina waƙa ɗari shida zuwa dubu ɗaya sun isa irin wannan tasha, da sharaɗin ba dukansu ke da matsayi ɗaya ba.

Me ake nufi da ba matsayinsu ɗaya ba?

Ana kasa su kwando-kwando. Kwandon farko na manyan waƙoƙi ne, waɗanda kowa ke ganewa tun daga bugun farko. Na biyu na sanannu ne amma ba su kai na farko ƙarfi ba. Na uku kayan yaji ne, waƙoƙin cikin faifai da masoya na haƙiƙa kaɗai suka sani, ana yafa su kaɗan-kaɗan. Wasu kuma sukan ƙara rabawa bisa zamani, na shekarun 1970 daban, na 1980 daban, don kada awa guda ta tafi a zamani ɗaya.

Sai lissafi, wanda shi ne ainihin aikin. A ce kana ɗaukar waƙa huɗu daga kwandon farko a kowace awa. In ka zuba waƙa 96 a kwandon, zai ƙare zagayensa a awa 24 cif. Ma'ana waƙar da ta fito ƙarfe bakwai da kwata na safiyar Litinin ita za ta sake fitowa a daidai lokacin ranar Talata, da Laraba, har ƙarshen mako. Mutumin da ke kunna rediyo a wannan lokaci kullum zai rantse waƙa ɗaya kuke da ita. In kuwa ka mai da su 116, zagayen ya koma awa 29: ta yau da safe gobe sai da rana, jibi da yamma, gata da dare. Waƙa ashirin kawai ka ƙara, amma ka raba ta ga kunnuwa daban-daban. Duk adadin da zai sa zagaye ya faɗa kan awa 12 ko 24 ko 48, a guje shi.

Bayan wannan akwai dokokin tazara. Kada mawaƙi ɗaya ya dawo kafin awa ɗaya ko biyu, kuma a tuna wanda ya yi waƙa a ƙungiya sannan ya fita ya yi tasa shi kaɗai, murya ɗaya ce a kunnen mai sauraro. Kada masu sanyi biyu su biyo juna. Masu tsananin ƙara a ajiye su sai rana ta yi, kada a tari mutum da su yana shan shayin safe. Manhajoji irin su Selector, wadda kamfanin RCS ya fito da ita a 1979, da MusicMaster, wannan aikin suke yi. Amma manhaja ba ta da kunne. Dole wani ya zauna ya bi jerin gobe layi-layi ya gyara da hannu, kuma tashar da ba ta da kuɗin manhaja tana iya yin abin da kati da akwati kamar yadda aka yi a da: a ɗauko daga gaba, a mayar baya.

Mene ne agogon da ake yawan ambata?

Zane ne na da'ira mai wakiltar awa guda, an yanka ta kamar kankana. Kowane yanki an rubuta abin da zai shiga: sunan tasha a kan awa, babbar waƙa, ta kwando na biyu, maganar mai gabatarwa, talla, yanayin sama, haka har a zagayo. Awa ɗaya takan ɗauki waƙa goma zuwa goma sha biyu, talla kuma yawanci a tattara ta zango biyu. Ƙa'idar da ba na sassautawa a kanta ita ce bayan talla a dawo da babbar waƙa, kuma duk baƙuwar waƙa a sa ta tsakanin sanannu biyu. Agogon safe daban yake da na dare, na Asabar daban da na Talata.

In babu kuɗin bincike, yaya za a san waƙar da mutane ke so?

Manyan tashoshi sukan tara mutane kimanin ɗari a zaure, ko yanzu ta intanet, a saka musu gutsuren waƙoƙi na 'yan daƙiƙoƙi, kowa ya ba da maki: na san ta, ina son ta, ko na gaji da ita. Wannan na ƙarshe shi ne mafi amfani, domin waƙa tana iya zama sananniya ƙwarai amma ta ƙone. Akwai kuma kamfanin Nielsen, wanda ya sayi Arbitron a 2013, mai auna yawan masu sauraro, a manyan birane da ƙaramar na'ura da mutum ke ratayawa, a matsakaita kuma da littafin da ake cikawa da hannu. Ƙananan garuruwa da yawa ba a ma auna su.

Saboda haka ƙaramar tasha da ƙafa take bincikenta. A duba jerin abin da manyan tashoshin yankin ke sakawa, tunda su sun biya kuɗin gwaji, a ɗauki wannan a matsayin tubali. Sannan a fita. A je gareji, wurin aski, filin wasan makaranta, a ji abin da ke tashi a motocin mutane. Kowane yanki yana da nasa: kudancin Amurka yana son Lynyrd Skynyrd da Allman Brothers fiye da sauran wurare, Mishigan kuma Bob Seger ɗan gida ne. Tashar da ta kwafi jerin wani birni mai nisa ba tare da ta sa gishirin garinta ba, an ji ta an san baƙuwa ce.

Masu bugo waya fa? Ba su ne masu sauraro ba?

Su ne, amma ba su kaɗai ba. Duk wanda ya san shirin Zaɓi Sonka na Rediyo Kaduna ya san yadda sunaye ƙalilan ke dawowa kullum, alhali dubban da ke saurare ba su taɓa aiko da kati ba. Haka abin yake a can. Mai bugo waya yawanci masoyi ne na ƙin ƙarawa, kuma abin da yake nema shi ne waƙar da ba a cika sakawa ba. A girmama shi, a ware masa lokaci, misali awa ɗaya da tsakar rana ko daren Asabar, a ambaci sunansa da unguwarsa. Amma kada a bar mutum goma su tsara wa gari guda abin da zai ji.

Mai gabatarwa ba shi da ikon saka abin da ransa ke so?

Wannan tambayar takan zo da ɗan ɓacin rai, kuma na fahimci dalili. Wanda ya shiga wannan aiki don son kiɗa ya shiga, yana da faya-fayan da yake ganin duniya ba ta yi musu adalci ba. Na taɓa aiki da wani matashi mai kunne ƙwarai wanda in dare ya yi yakan ajiye jerin da aka tsara ya shiga saka nasa. Abokansa suna yabawa, masu shaguna kuwa suka fara cewa da dare tashar ba ta jin kamar tasu. Ba a hana shi ba, an ba shi gurbi biyu a kowace awa, da sharaɗin ya faɗi dalilin da ya sa ya zaɓo waƙar, wa ya buga jitar, a wace shekara, me ya faru a lokacin. Sai gurbin nan ya zama abin da ake jira. Baƙuwar waƙa in ta zo da mai gabatar da ita ana karɓarta, in ta faɗo ita kaɗai ana korarta.

Dogayen waƙoƙi fa?

Suna cikin abin da ya sa layin ya zama abin da yake. "Stairway to Heaven" ta Led Zeppelin, wadda ta fito a 1971, minti takwas ce, kuma rediyon FM ne ya ɗaukaka ta. A saka su cikakku, kada a datse, domin masu sauraron nan sun san kowane bugu kuma suna jin zafin a yanke musu. Sai dai a yi musu wuri a agogo, ɗaya a awa ta isa, kuma ba a tsakiyar shirin safe ba.

Wai har waƙoƙin shekarun 1990 sun zama na dauri?

Sun zama. Masu talla a Amurka 'yan shekara 25 zuwa 54 suke nema, kuma mutum yakan manne wa kiɗan da ya ji tsakanin balaga da aure. Wanda ya yi samartaka a 1970 yanzu ya haura saba'in. Shi ya sa tagar take matsawa: na shekarun 1960 suna raguwa, Guns N' Roses da Nirvana da Pearl Jam suna shigowa. Ƙaramar tasha ya kamata ta yi wannan a hankali. A garin da dattawa suka fi yawa, kuma su ne masu shagunan da ke biyan talla, gaggawar zubar da tsoffin asara ce.

Me doka ta ce?

A Amurka, hukumar FCC mai kula da harkokin sadarwa ta wajabta faɗin sunan tasha da garin da aka ba ta lasisi a kan kowace awa. Ta hana kalaman batsa daga ƙarfe 6 na safe zuwa 10 na dare, kuma wasu fitattun waƙoƙin rok suna ɗauke da ashar, saboda haka dole a nemi kwafin da aka tace. A 2006 an ɗaga tarar zuwa dala 325,000, kuɗin da zai rufe ƙaramar tasha. Karɓar kuɗi a ɓoye don saka waƙa laifi ne tun bayan badaƙalar da ta ci fitaccen mai gabatar da shirin rediyo Alan Freed a ƙarshen shekarun 1950. Haƙƙin marubuta waƙa ana biyansa ta hannun ƙungiyoyi irin su ASCAP da BMI da SESAC. In tasha ta ɗora shirinta a intanet kuma, akwai wani kuɗin daban da ake biyan ƙungiyar SoundExchange mai karɓar haƙƙin mawaƙa da kamfanonin faifai, kuma ƙananan tashoshi da yawa sukan manta da shi sai takarda ta iso.

Tunda duk waƙoƙin nan suna cikin wayar kowa, me zai sa a kunna rediyo?

Wannan ita ce tambayar da ta fi dukan sauran nauyi. Waƙoƙin ba naka ba ne. Spotify yana da su, YouTube yana da su, tashar babban birni mai ƙarfin na'ura tana da su. Abin da ke naka shi ne daƙiƙoƙin da ke tsakanin waƙa da waƙa.

A 1996 Amurka ta sauya dokar sadarwa, ta cire iyakar yawan tashoshin da kamfani ɗaya zai mallaka a faɗin ƙasa. Cikin 'yan shekaru kamfanin Clear Channel, wanda ya koma iHeartMedia a 2014, ya tara tashoshi sama da 1,200. Aka shiga naɗar muryar mai gabatarwa a wani birni ana aikawa garuruwa da yawa, yana magana kamar yana nan alhali bai taɓa taka garin ba. An rage kashe kuɗi, amma an bar gurbi, kuma a gurbin nan ƙaramar tasha take rayuwa. Ita ce za ta ce an rufe makarantu saboda dusar ƙanƙara, gadar kaza ta cika da ruwa a bi ta wata hanya, wane ya rasu za a yi jana'iza ranar kaza. Ita ke watsa wasan ƙwallon makarantar sakandare a daren Juma'a, iyaye da kakanni suna jin sunan yaransu. Da yawansu suna da shirin saye da sayarwa na safe, mai tsohuwar tarakta ya bugo, mai neman injin yankan ciyawa ya bugo. Dillalin motoci da mai shagon kayan gini da ƙaramin bankin gari ba don jita suke biyan talla ba. Suna biya ne don mai gabatarwar da suke haɗuwa da shi a kasuwa, wanda in ya ce a zo ana zuwa.

To me ya sa ake wahalar tsara waƙoƙin? Domin su ne ke riƙe mutum har sanarwar ta iso shi. In jerin ya yi rauni ya tafi kafin a kai ga abin da kai kaɗai ke da shi.

Ma'aikata uku ne kawai. Yaya za a cike awa 24?

A sa ƙarfi inda jama'a suke: safe kai tsaye, yamma kai tsaye in da hali. Tsakar rana mutumin gida yana iya naɗar muryarsa tun da safe, kwamfuta ta jera, muddin abin da ya faɗa na garin ne kuma na ranar ne. Dare kuma akwai shirye-shiryen da ake karɓowa daga waje, sau da yawa ba da kuɗi ba, sai dai a ba su wasu mintoci na talla. Ƙarshen mako a yi abin da zai bambanta shi: waƙa biyu-biyu daga kowane mawaƙi, ko jera waƙoƙi daga harafin farko zuwa na ƙarshe, ko ƙidayar manyan waƙoƙi 500 a dogon hutu, wadda jama'ar gari suka zaɓa. Waƙoƙin dai su ne na kullum, shirin ne ya sa suka zama biki. Kuma tun farko a kula da ingancin sauti: a ɗauko daga faifai na asali, a daidaita ƙarfinsu, a rubuta daƙiƙoƙin da ke gaban murya a kowace waƙa don mai gabatarwa ya san inda zai yi shiru.

Zai yi aiki a Kano ko Damagaram?

Rok na dauri kansa, a'a. Ƙarfin layin tunawa ne, mu kuma ba da wannan kiɗa muka tashi ba. Ko da yake Najeriya ta yi nata rok a shekarun 1970 da ƙungiyoyi irin su BLO da Ofege da Funkees, a kudu abin ya yi ƙarfi, kuma jitar Abzinawa ta su Bombino na Agadas layi ne mai zaman kansa. Ƙa'idar hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin a Najeriya ma ta tanadi cewa mafi yawan abin da rediyo ke sakawa ya zama na gida. Shirin awa ɗaya ko biyu a mako a garin da ke da jami'a zai iya samun masoyansa, tasha sukutum kuwa ba za ta ci da kanta ba.

Dabarar ce za ta yi aiki. Muna da namu na dauri: Mamman Shata, Ɗan Maraya Jos, Musa Ɗanƙwairo, Barmani Coge, da waƙoƙin finafinan farkon shekarun 2000 waɗanda 'yan shekara arba'in na yau suka yi samartaka da su. A mafi yawan tashoshinmu waɗannan suna zube a kwamfuta ba suna ba shekara, ana jawo duk wadda hannu ya kai gare ta don cike gurbi kafin labarai, a kuma datse ta a tsakiya. Wanda zai fara gyara sai ya ware mako biyu ya saurare su ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta mawaƙi da tsawon kowace, ya fitar da masu ƙarar kaset, ya ware na sarauta da na noma da na biki, sannan ya zauna da dattawan gari uku ko huɗu su nuna masa waɗanda suka cancanci kwandon farko.